Masu Neman Ma'arifa, Daga Duwatsun Abzin Zuwa Yamai

Ranar Juma'a in an sallame la'asar, akwai masallatai da zauruka a Yamai, daga Zango har Bukoki da Lazare, inda jama'a ke yin da'ira su duƙufa ga hailala har faɗuwar rana. Tela na ciki, direban taksi na ciki, ga mai rumfa a kasuwar Katako, ga ma'aikacin da ya tuɓe kwat ya sa babbar riga. Tambayi ɗayansu abin da yake nema, zai ce lada da gafara. In ya saki jiki da kai sai ya ƙara da cewa ma'arifa yake nema, sanin Allah irin na wanda ya ɗanɗana, ba irin na wanda ya karanta ba. Wani ma zai sassauta murya ya ce shi kam an riga an yi masa fatahi, hijabin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ya yaye. Ka taka kaɗan zuwa layi na gaba, za ka iske wani masallacin da limaminsa zai rantse maka babu abu mai kama da haka a addini, Shaiɗan ne ke wasa da hankalin bayin Allah.

Wannan gardama ta girmi Yamai nesa ba kusa ba. Sai a 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Damagaram suka dawo da ita bakin kogi, alhali kuwa tun wajen shekara 500 da suka wuce aka zubar da jini a kan wannan magana a ƙasar da muke kira Nijar yau.

Tushenta hadisin nan ne na Mala'ika Jibrilu da kowane ɗan makarantar ilimi ya sani, inda aka jera addini hawa uku: Musulunci, Imani, Ihsani. Biyun farko suna da abin ƙirgawa, shika-shikai biyar a nan, shida a can. Na ukun ne ya zo da batun bauta wa Allah tamkar ana ganin sa. Malaman fiƙihu suka ɗauke shi kwaɗaitarwa ce ga kyautata aiki. Sufaye suka ce abin ya wuce nan: akwai halin da bawa ke kaiwa, ganin kansa ya gushe, ba ya ganin mai aikatawa sai Allah. Shi suke kira fana'i. Bayansa akwai baƙa'i, inda mutum ke dawowa cikin hayyacinsa, ya ci gaba da ciniki da renon iyali, amma da wata zuciya dabam. Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910, ya tsaya kai da fata cewa dawowar ita ce cikar tafiya. Hallaju kuwa ya furta abin da ya gani a bainar jama'a, aka kashe shi a 922. Imamu Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa ta Nizamiyya a 1095 don neman yaƙinin da karatu bai ba shi ba, shi ya ɗinke ɓarakar da ke tsakanin fiƙihu da sufanci, kuma sufanci irin nasa ne ya fi zama a zaurukan malamanmu.

A ƙasarmu, sunan da ake fara ambata shi ne Sidi Mahmud al-Bagdadi. Baƙo ne da ya fito daga gabas ya sauka Abzin a farkon rabin ƙarni na 16. Ya koya wa Abzinawa zikiri a jam'i, da ladabin muridi gaban shehinsa, da halwa: mutum ya keɓe a wuri mai duhu, ya rage ci, ya rage barci, ya rage magana, ya riƙe sunan Allah har zuciya ta wanku. Jama'a suka taru gare shi, abin ya tsone wa malaman fadar Agadas ido. Suka kai ƙara gaban Sarkin Abzin, aka tura mayaƙa, aka kashe shi a Agalanga, cikin duwatsu, inda har yau ake ziyartar wurin. Abin da ya koyar ya tsira a wani littafi mai suna Ƙudwa, wanda Shehu Ahmad Sadiƙ ɗan Uwaisu ya rubuta a ƙarni na 17, kuma Baturen Ingila H. T. Norris ya yi nazarinsa ya buga a 1990. Wanda ya duba tsarin Sidi Mahmud zai ga hanya ce ta mutane ƙalilan. Manomi mai gona da damina a gabansa, ko mace mai goyo, ba za su iya barin duniya su shiga kogo ba. Ana samun fatahi, in ji mutanen wannan zamani, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Daga Agadas ɗin nan ne igiyar ta miƙe zuwa ƙasar Hausa. Malam Jibril ɗan Umar, wanda ya yi hajji ya zauna da Murtala Zabidi a Alƙahira, a Agadas ya karantar da wani saurayi Bafulatani da aka haifa a 1754 a Maratta, kusa da Galmi ta yanzu. Saurayin shi ne Usmanu ɗan Fodiyo. Mun saba jin tarihin Shehu daga hijirar Gudu ta 1804 zuwa yaƙe-yaƙen Tabkin Kwatto da Alkalawa, har muka manta cewa kafin takobi akwai wuridi. Shehu da kansa ya rubuta a ɗan littafinsa na Wuridi cewa yana da shekara 36 Allah ya yaye masa lulluɓi daga gani da ji da shaƙa da ɗanɗano, har jikinsa duka ya zama wani iri. Yana da shekara 40 da 'yan watanni, wajen 1794 ke nan, ya ce an kai shi gaban Annabi (SAW) da sahabbai da waliyyai, Shehu Abdulƙadir Jilani ya naɗa masa rawani, ya rataya masa takobin gaskiya. Mutumin da ya rubuta Ihya'us Sunna, wanda ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da bidi'a, shi ne ya faɗi wannan a kan kansa, bai ga wani karo tsakanin biyun ba.

Sai dai abin da ya fi muhimmanci ga tarihinmu shi ne yadda Shehu ya yi da abin da ya samu. Bai mai da shi kiran jama'a ba. Ya raba ilimin sufanci gida biyu, har ya yi littafi musamman a kan rabon. Akwai sufancin gyaran hali, na korar girman kai da hassada da riya da son duniya daga zuciya, na koyon tuba da haƙuri da tawakkali. Wannan wajibi ne a kan kowa, kuma shi yake karantarwa a filin wa'azi, da Fulatanci da Hausa, ga maza da mata. Akwai kuma sufancin haƙiƙancewa, na kashafi da asiran sunaye, wanda ya ce na keɓaɓɓu ne, ba a zance da shi sai gaban ahalinsa. A Ɗegel, mazaunin Shehu, akwai ɗan ƙaramin rukunin da ke wannan karatu. Ɗansa Muhammadu Sambo ya shahara da shi, ta hannunsa kuma ya kai ga jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya zauna Salame ya rubuta littattafai masu zurfi a wannan fanni. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta yi waƙar tawassuli da mata sufaye, daga Rabi'atul Adawiyya har matan gidansu, amma abin da jajinta, wato matan da take aikawa koyarwa, ke kai wa 'yan taru a ƙauyuka shi ne tsarki da salla da kyawun hali.

Shehu ya san abin da yake gudu. Tun yana raye mutane suka fara jingina masa abubuwan da bai faɗa ba, har suka ce shi ne Mahadi, sai da ya ɗauki alƙalami ya ƙaryata.

A gefen kogi, garin da ya gaji wannan ruhi shi ne Sayi, kilomita hamsin da 'yan kai kudu da Yamai. Alfa Mahaman Jobbo ya zauna can wajen 1825, lokacin Yamai ba ta wuce 'yan ƙauyukan masunta da manoma ba. Baƙadire ne mai alaƙa da Gwandu, amma bai shahara da yaƙi ba. Abin da Zabarmawa da Fulanin yankin suka riƙe game da shi shi ne zuhudu, da sulhu tsakanin masu gaba, da waƙoƙin wa'azi cikin Zabarmanci da har yau ake rerawa. Walicci a idon mutanen wancan lokaci abu ne da ake gani a jikin mutum ɗaya cikin dubbai, a je a nemi albarkarsa a dawo gida. Ba wanda ke zuwa Sayi da tunanin shi ma zai koma gida waliyyi. Alfarmar garin ce ta sa aka buɗe madarasa ta farko ta gwamnati a can a 1957, aka kuma buɗe Jami'ar Musulunci a 1986.

Akwai ma wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin malamai, mai sanyaya gwiwa. Ahmad Zarruƙ, Bamagribe da ya rasu a 1493, wanda malaman Sakkwato ke ji da littattafansa, ya ruwaito daga shehinsa Halarami cewa tarbiyya irin ta tsarin da aka sani ta ɗauke tun shekara ta 824 bayan hijira, wajen 1421, abin da ya rage sai amfanarwa ta himma da hali. Da yawa suka fahimci maganar da cewa shehunan da ke iya ɗaukar muridi su kai shi ga Allah sun ƙare, a riƙe Littafi da Sunna a jira lahira.

Ɗariƙar Tijjaniyya ta zo da wata amsa. Shehu Ahmadu Tijjani, haifaffen Ainu Madi a 1737, ya bi ɗariƙu da dama, ya yi halwa ya yi azumi. A wajen 1782, a ƙauyen Abi Samgun cikin saharar Aljeriya, ya ce ya ga Annabi (SAW) a farke, ba a mafarki ba, ya umarce shi ya bar duk abin da ya karɓa daga shehunai, ya riƙi wuridin da zai ba shi, ba tare da halwa ko ƙaurace wa mutane ba. Wuridin ba shi da nauyi: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, sai wazifa sau ɗaya a yini, sai zikirin Juma'a. Hanyar godiya ce, in ji su, ba ta azabtar da jiki ba. Ya rasu a Fas a 1815, ya bar wani alkawari da almajiransa suka rubuta: wata faila, wato ambaliyar baiwa, za ta zo wa mutanensa, jama'a su shiga ɗariƙa ƙungiya-ƙungiya, a lokacin da ake cikin tsananin ƙunci. Alhaji Umaru Futi ne ya kawo ɗariƙar ƙasar Hausa a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka. Ya zauna Sakkwato shekaru da dama har rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ya auri 'yarsa. Ko Bello ya karɓi wuridin ko bai karɓa ba, Ƙadirawa da Tijjanawa na jayayya a kai har gobe.

Duk da haka, har ƙarshen ƙarni na 19 Tijjaniyya a ƙasashenmu ɗariƙar malamai da fatake ce. Zuwan Nasara ya ƙara sa kowa ya kama bakinsa. Bayan tawayen Kawusan, wanda ke da alaƙa da Sanusiyya, sojan Faransa sun karkashe malamai a Agadas a 1917, daga nan kuma duk malamin da jama'a suka fara taruwa a ƙofarsa sai kwamanda ya buɗe masa takarda.

Wanda ya juya al'amarin ɗan Sanagal ne. An haifi Ibrahim Inyas a 1900 a ƙauyen Taiba, ya yi karatunsa duka gaban mahaifinsa Alhaji Abdullahi, wanda ya rasu a Kaulaha a 1922. A 1929, shekarar da tattalin arzikin duniya ya karye, farashin gyaɗa ya bi shi, wannan saurayi ya shelanta cewa failar da Shehu Tijjani ya yi alkawari ta sauka a hannunsa, duk mai son sanin Allah ya zo. Ba malamai kaɗai yake nufi ba. A gonarsa ta Kosi manoma da mata da samari suka riƙa shiga tarbiyya suna fitowa suna cewa sun san Allah. Abin ya raba shi da yayansa Muhammadu Halifa, har ya tashi da mutanensa ya kafa Madina a gefen Kaulaha. Wani malami Bafulatani, Ahmad Dem na Sokon, ya rubuta littafin raddi a kan masu da'awar ganin Allah a duniya. Shi kuma Shehu Ibrahim ya rubuta Kashiful Ilbas a farkon shekarun 1930, inda ya tunkari maganar Zarruƙ gaba da gaba: abin da ya ɗauke, in ji shi, tsohon salon tarbiyya ne na halwa da yunwa, amma tarbiyya kanta ba ta yankewa muddin duniya na nan. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne malaman Idawa Ali na Muritaniya, waɗanda ta hannun kakanninsu ɗariƙar ta shigo ƙasar baƙar fata, su ne suka gangaro suka durƙusa gaban wannan Bawolofe.

A da ma'arifa kamar rijiyar Damargu take, mai gaba da yawa, sai mai doguwar igiya da takarkari ke shan ruwanta. Shehu Ibrahim ya ce ruwan ya taso har baki, mai ƙwarya ma ya ɗiba.

Yadda ake tarbiyyar a wajen mutanen Faila ba ɓoyayye ba ne gaba ɗaya. Muridi kan je wurin muƙaddamin da ke da izini, a ba shi adadin Salatul Fatihi da hailala da zai riƙa ja bayan lazimi, wato wuridin safe da yamma, yana ci gaba da sana'arsa. Muƙaddami na bibiyarsa da tambayoyi a kan Allah da samuwa da shi kansa muridin, ba don ya ba da amsar littafi ba, sai don a ga inda ya kai. Wasu cikin kwanaki, wasu cikin makonni, wasu ya ɗauke su dogon lokaci, sai hali ya kama mutum: kuka, rawar jiki, rashin sanin inda yake, wani lokaci da furucin da in an ji shi a kasuwa sai a ce ya yi ridda. Aikin shehi a nan shi ne ya riƙe shi, ya ratsa da shi daga wannan halara zuwa ta Annabi, zuwa ta Shehu Tijjani, ya dawo da shi ga salla da shari'a. Shehu Ibrahim ya tsara matakan addini guda 9, uku a ƙarƙashin kowane hawa na hadisin Jibrilu, ya fara da tuba ya ƙare da ma'arifa. Wanda ya tsallake tuba da istiƙama da taƙawa ya ce ya kai ta tara, a lissafin Shehun kansa ƙarya yake.

Hanyar da abin ya bi ya iso Nijar ta Kano ce. A hajjin 1937 Shehu Ibrahim ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, sarki ya miƙa wuya ya gayyace shi. Da ya zo a tsakiyar shekarun 1940, malaman Salgawa, waɗanda ba a raina su a fiƙihu, irin su Malam Tijjani Usman na Zangon Barebari da Malam Abubakar Atiku Sanka da Malam Sani Kafinga, suka karɓe shi, wasunsu suka tafi Kaulaha suka yi tarbiyya. Zuwa farkon shekarun 1950 in ya sauka Kano sai gari ya tsaya. Daga nan fatake da almajirai suka ɗauki abin zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa, tare da alamarsa ta zahiri, wato ƙabalu a salla, a ƙasar da kowa ya tashi yana sadalu. Yau saurayi zai yi dariya in aka ce masa ɗora hannu a ƙirji ya taɓa raba masallatai da aure, amma an yi. A lardin Sakkwato har rushe zawiyoyin Tijjanawa aka yi a 1949 da umarnin fada.

A yammacin Nijar kuwa, cibiyar ba a Yamai ta tsaya ba, sai a Kiyota, ƙasar Boboye cikin jihar Doso. Shehu Abubakar Hashim, Bazabarme, ya je Kaulaha ya sha daga hannun Shehu Ibrahim, ya dawo a matsayin babban wakilinsa a ƙasar, aka kuma ba shi auren 'yar Shehu, Sayyida Ummul Hairi, wadda duk Nijar ta sani da Maman Kiyota. Ƙauyen da ba a san shi ba ya zama gari. Duk watan Mauludi motoci kan yi jerin gwano daga tashoshin Yamai, wasu daga Najeriya da Benin da Burkina, shugabannin ƙasa da 'yan siyasa ma ba a bar su a baya ba. Shehun ya rasu a 2004, ɗansa Shehu Musa ya gaje shi. Zawiyoyin Faila da yawa a Yamai can silsilarsu ke komawa, wasu kuma Kano ko Kaulaha kai tsaye.

A ganina babbar hujjar da Faila ke da ita a Nijar ba yawan taron Mauludi ba ne, Maman Kiyota ce. Mahaifinta ya karantar da 'ya'yansa mata kamar yadda ya karantar da maza, ya kuma ba mata muƙaddamanci, domin in ma'arifa ta kowa ce to ba a cire mace. Ita kuma ta kafa ƙungiyar mata ta Jam'iyyatu Nasiratud Din, ta buɗe makarantun da ake haɗa Larabci da Faransanci, a yankin da aka saba cire yarinya daga aji a yi mata aure. Ko mutum bai yarda da fatahi ba, ajin da 'yan mata ke zaune a ciki abu ne da ido ke gani.

Shehu Ibrahim ya rasu a Landan a 1975. Kafin nan wata iskar ta riga ta taso. A 1972 Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha, tafsirinsa kuma na fita ta Rediyon Kaduna, wadda ake kamawa a ƙasar Hausa ta Nijar kamar tashar gida. Hujjarsa a taƙaice take, kuma tana da kaifi: addini ya cika tun Annabi (SAW) na raye, to wane wuridi ne kuma za a ce ya bayar bayan shekara dubu da ɗari? Wane ne zai tabbatar da abin da mutum ɗaya ya ce ya gani shi kaɗai? Ya kuma kama batun falalar Salatul Fatihi da ke cikin Jawahirul Ma'ani, inda aka gwada ladanta da na saukar Alƙur'ani dubbai, ya ce wannan ba ya karɓuwa ko da wane tawili. A 1978 Malam Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos. Ta Maraɗi ta shigo mana, ta hannun Malam Shu'aibu Ladan da alhazan birni da suka gaji da hidimar malamai da ta bukukuwa. Zamanin Seyni Kunce ƙungiyar Musulunci ɗaya tak aka yarda da ita, wadda gwamnati ta kafa a 1974, saboda haka wutar na ci ne a ƙarƙashin toka. Bayan babban taron ƙasa na 1991 aka saki mara, ƙungiyar Izala ta ADINI-Islam ta samu rajista, masallatan Juma'a suka yawaita a Yamai, kaset da wa'azin dare suka cika unguwanni.

Amsar 'yan Izala, masu kiran kansu Ahlus Sunna, ga tambayarmu ita ce: Ihsani gaskiya ne, tsarkake zuciya wajibi ne, amma iyakarsa ka ji tsoron Allah kamar kana ganin sa. Ganin kansa sai a Aljanna. Abin lura shi ne rabin abin da Shehu Usmanu ya karantar, sufancin gyaran hali, kowane ɓangare ya yarda da shi. Rabi na biyun ne ake faɗa a kai.

Su ma Tijjanawa suna da ƙaya a ƙafarsu, kuma sun sani. Ita ce ta waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, masu cewa tunda sun ga babu kowa sai Allah, to salla da azumi na waɗanda ba su iso ba ne, wasu har su ɗaukaka Shehu Ibrahim zuwa inda shi da kansa zai tsine wa mai faɗa. A Kano a 2015 irin wannan furuci a wajen wani Mauludi ya jawo tarzoma da hukuncin kisa daga kotun shari'a, manyan shehunan ɗariƙar kuma suka fito suka barranta. Suna da gaskiya in sun ce ba koyarwar Shehu ba ce. Amma mai adalci zai yarda cewa ƙofar da aka buɗe wa dubban ɗaruruwa ba ta tsaruwa kamar ta mutum goma a Ɗegel, kuma muƙaddamin da ya san yadda ake kai muridi fana'i bai san yadda ake dawo da shi ba ya fi jahili haɗari.

To ana samun ta ko ba a samu? Abin da tarihi ke iya shaida shi ne mutanen da ba a san su da ƙarya ko tabin hankali ba, masu ilimin da abokan gabarsu ma suka sallama musu, sun ce sun samu, daga Gazali har Shehu Usmanu har Shehu Ibrahim. Ba kuma ɗayansu da ya ce ƙoƙarinsa ne ya ba shi. Duka sun ce kyauta ce, wuridi da halwa tsayuwa ce kawai a bakin ƙofa. Saɓaninsu a kan yawa ne: Shehu Usmanu ya ce kaɗan ne, a rufa musu asiri, Shehu Ibrahim ya ce zamani ya canza, a kira kowa. Ni dai na fi karkata ga taka-tsantsan ɗin Ɗegel, domin da'awar da ba mai iya gwada ta sai mai yin ta jari ce a hannun mayaudari. Amma ba zan ce wa telan da ya daina ha'inci a yadin mutane bayan tarbiyya bai samu kome ba, ko da abin da ya samu bai kai sunan da yake kiran sa da shi ba. Gardamar ma ta amfani kowa ta wata fuska: matsin Izala ya sa zawiyoyi buɗe makarantu da koyon kawo aya da hadisi, su kuma masu wa'azin Sunna na Yamai yau sun fi na shekarun 1990 yawan magana a kan cututtukan zuciya.

Abin takaici shi ne yawancin masu wannan musu a Facebook da WhatsApp, ta kowane ɓangare, ba su taɓa buɗe littattafan da ake musun a kansu ba. A nan Yamai, a cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, akwai rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 na Larabci da ajami, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa lokacin yana shugaban majalisar dokoki, cikinsu har da na malaman Sakkwato da Agadas da Sayi. Dattawan da suka yi tarbiyya a hannun Shehu Abubakar na Kiyota, da 'yan ƙalilan da suka ga Shehu Ibrahim da idonsu, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, haka ma waɗanda suka buɗe masallatan Izala na farko a Maraɗi da Yamai. Ɗaliban tarihi na Abdu Mumuni da na Sayi, ku ɗauki na'urar naɗar magana ku je ku zauna gabansu tun suna iya ba da labari.